Tamanin da Takwas a Shagon Kamilu

Lissafin daidai yake, abin da anka auna ne ba shi ba. Shi ke nan abin da ya faru, kuma shi ya ci Sakina.

Sunana Jatau, direba ne ni. Ƙaramar mota nake ja tsakanin Maradun da Talata Mafara, in an samu fasinja in leƙa Bakura. Aji uku na yi a firamare na gudu, allo ma ban yi nisa ba. Yayana Malam Abdulhadi shi ya kwashe karatun gidanmu duka. In anka yi rasuwa a Maradun ko Tsibiri, shi ake kira rabon gado. Yana zaune bisa buzu zai ce wance tumuni, wane sudusi, sauran a kasa kaza, kafin mai kalkuleta ya gama latse-latse ya riga ya shafa fatiha. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ba zai ce maka yana alfahari da wannan ba, amma ni ƙanensa ne, na san inda zuciyarsa take.

Sakina ɗiyarsa ce ta biyu. Izu sittin ke kanta, kuma ba irin haddar nan da ake turawa kamar motar da batir ya mutu ba. Ko daga barci ka tashe ta ka ja mata baki, za ta ɗauka ta wuce. Ita ke koyar da ajin matan aure a makarantar gidan da la'asar, har matan da sunka haife ta suna ce mata Malama.

Wata gidauniya ce ta shirya musabaƙa, waɗanda sunka ci za a ɗauki nauyin karatunsu na jami'a. Sakina ta haye matakan farko da muryar da anka ɗauka anka aika. Saura na ƙarshe, wanda za ta zauna gaban kwamfuta ta yi karatu kai tsaye, alƙalai na kallonta daga can inda suke. Kuma akwai iyakar shekaru. Bana ce ta ƙarshe gare ta, baɗi ta wuce.

Masu shiryawa sunka ba da zaɓi biyu. Ko ta tafi cibiyarsu da ke Sakkwato, ko ta yi daga inda take in intanet ɗin wurin ya kai megabit goma a sakan ɗaya. Ni ban san mene ne megabit ba, amma na san hanyar Sakkwato. Na ce ma Malam in kai ta. Mu bi ayarin motocin safe, ta kwana gidan ƙanwarmu, ta yi abinta mu dawo.

"Ɗiya mace, bisa wagga hanya, a wanga zamani?" in ji shi. "Jatau, kai da bakinka kake ba ni labarin abin da ke faruwa."

"Kullum nake bin ta, Malam, ga ni zaune."

"Kai wa zai ɗauka? Su ciyar da kai?"

Ban ga laifinsa ba. Kowa ya san halin hanyoyinmu. Sai ya ce mu je Mafara mu ga shagon Kamilu.

Kamilu surukinsa ne, mijin Nazifa ɗiyarsa ta fari. Mutumin Bakura ne, amma shagonsa na Mafara, ba nisa da kasuwa. Kwamfutoci ne jere, ana buga takardu, ana yi ma yara rajistar jarrabawa. Yaro ne mai hankali, hankalin ma ya yi masa yawa. Tun da ya auri Nazifa bai taɓa haɗa ido da Malam ba. In ya hango shi daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ba ya tashi sai an ce ya tashi. Ni ma da nake ƙanen uba haka yake min, har nakan ce masa ya bari kada gwiwar wandonsa ta huje.

Ranar da munka je ba ranar kasuwa ba ce. Malam ya taho da Liman na unguwarmu da wani dattijo abokinsa, wai su ma su gani. Munka tarar Kamilu na kwafe bidiyon gwajin da Sakina ta yi, daga wata kwamfuta zuwa wadda ke kusa da ita. Yana ganinmu ya zube ƙasa. Anka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Bakura, yaya Inna, yaya ruwa ya yi da gonaki, shi dai kansa na ƙasa yana lafiya lau. Ya kawo kujeru, ya aika anka sawo ruwan sanyi.

Malam bai zauna ba. Idonsa ya faɗa kan allon kwamfutar, inda wani koren layi ke tafiya, ga lamba ƙarƙashinsa. Malam ba ya karanta boko, amma lamba ko ta wane iri ce ba ta ɓace masa.

"Wanga sha ɗaya na mene ne?"

"Allah shi gafarta Malam, saurin tafiyar kayan ne. Megabayit sha ɗaya a sakan."

"Su kuwa goma sunka nema."

"E, amma nasu megabit ne. Ma'aunin ba ɗaya ba ne."

"To mi ke tsakaninsu?"

"Bayit ɗaya, bit takwas ke cikinsa."

Na ga fuskar Malam ta washe, irin yadda take yi in anka kawo masa gado mai sarƙaƙiya.

"Ashe tumuni ne," in ji shi. "Liman, ka ji? Nasu ma'aunin tumunin namu ne. Sha ɗaya sau takwas, tamanin da takwas. Kamilu, haka ne ko ba haka ba?"

"Lissafin haka yake, Allah shi gafarta Malam."

"Sun nemi goma, muna da tamanin da takwas. In an cire hakkinsu, saura saba'in da takwas ba mai gado."

Liman ya yi dariya, dattijon ya ce wallahi ilimi duk ɗaya ne, wanda ya san na Allah bature ba ya ɓoye masa komi. Na ga Kamilu ya ɗaga kai kaɗan, bakinsa ya motsa. Ya ce, "Sai dai, Allah shi gafarta Malam..." Daidai nan Malam ya ɗaga hannuwa. Ya yi ma shagon addu'a, ya yi ma Kamilu, ya ce Allah shi yi masa albarka yadda ya hutar da ɗiyarsa hawa hanya, ya ce tun ranar da ya ba shi Nazifa bai yi da-na-sani ba. Duka munka shafa. Kamilu ma ya shafa, ya mayar da kansa ƙasa.

Nan take Malam ya sa anka kira masa mutumin gidauniyar a waya. Da bakinsa ya gaya masa ba sai an ajiye ma Sakina wuri a Sakkwato ba, layinmu tamanin da takwas ne. Mutumin ya ce ma sha Allah, ko su a ofis ba su da haka.

Da za mu tafi, Kamilu ya biyo ni har bakin mota, su Malam sun riga sun shiga.

"Baffa, da dai an kai ta Sakkwaton."

"Don mi? Akwai matsala?"

Ya dubi motar, Malam na kallonmu ta gilashi.

"A'a. Na ga dai can sun fi kayan aiki."

"Kamilu, ni ba na jin zaurance. Naka zai yi ko ba zai yi ba?"

"Da yardar Allah, Baffa."

Ni mutum in ya ce min da yardar Allah, na ɗauka ya ce e. Na tayar da mota.

Ana saura 'yan kwanaki, na sauke fasinja a Bakura, sai ga Inna Baturiya uwar Kamilu a tasha da ƙullin kaya, wai Maradun za ta. Ta shige gaba ba tare da ta tambaya ba.

"Jatau, har yanzu wagga akwalar kake ja? Ƙofar ma da igiya?"

"Ita ta kai ɗanki ɗaurin aurensa, Inna."

"Shi ya sa ya isa an riga an shafa fatiha."

Na tambaye ta abin da zai kai ta gidan Malam ba biki ba suna. Ta ce saƙo ne.

"Na mi?"

"Na surukai. Ba na direbobi ba. Kai dai dubi hanya."

Har ƙofar gida na kai ta, ta shiga wurin uwar su Sakina, ta yini, na maido ta da yamma da tsarabar kuka da daddawa. Washegari Malam ke ce min yaron nan Kamilu akwai tawali'u, ga kayan aiki ya wadata amma sai da ya aiko uwarsa takanas neman addu'a. Ya ce ya sa an yi masa.

A cikin kwanakin nan duk sanda na ratsa ta gaban shagon sai in ga Kamilu bisa rufi. Ya ɗaure wani ɗan akwatin kamo sabis a kan doguwar gora, yana juya shi gabas, yana juya shi yamma, ya sauko ya duba kwamfuta, ya sake hawa. Ya rame. Na ɗaga masa hannu na ce aiki ya yi kyau. Ya ce na gode Baffa.

Ranar musabaƙar ta faɗo Talata. Wanda bai san Mafara ba bai san abin da wannan ke nufi ba. Ranar Talata duk duniya nan take juyewa. Mutanen Jangebe, na Garbadu, na Bakura, masu shanu, masu hatsi, masu albasa, kowa da waya a kunne yana tambayar farashi. Ko kiran fasinja nake son yi sai in ta nema kafin ya shiga. Da ƙyar na kutsa da mota har bakin shagon.

Dokar masu shiryawa ita ce kada mahaddaci ya zauna cikin ɗakin, don kada a ja ma yarinya baki. Saboda haka Malam da Liman sunka tafi masallacin da ke tsallaken titi sunka zauna. Ni anka bar ni bakin ƙofa ina korar masu son buga takarda, tunda ni ko an matse ni ba abin da zan iya ja ma wani. Kamilu na gefe wurin wayoyi, gumi ya jiƙa masa riga.

Sakina ta zauna. Tun tana ƙarama Malam ya hana ta rangajin nan da masu hadda ke yi. Ya ce karatu da natsuwa ake yinsa, ba a kaɗa kai kamar reshe. Haka ta saba: ta miƙe zaune, ido ƙasa, hijabi har haɓa, in ba ka matso ba ba za ka ga leɓenta na motsi ba.

Alƙalai uku sunka bayyana. Na tsakiya ya gaishe ta, ya ja mata baki, ta ɗauka.

Ni ba malami ba ne, amma a gidan karatu na tashi, kunnena ya san in an yi tuntuɓe. Yarinyar nan ba ta yi ba. Muryarta na tafiya sumul, har wani mai turin baro ya tsaya bayana yana saurare. Ina cikin jin daɗi na lura alƙalan sun daina motsi. Na tsakiya ya tsaya da hannu a gemu kamar hoto. Wani ɗan zobe na ta juyawa a tsakiyar allon. Sakina ba ta gani ba, idonta na ƙasa, ta ci gaba.

Can sai sunka dawo da motsi, murya ta fito a yayyanke. Na ji ƙararrawa, irin wadda suke bugawa in an yi kuskure. Alƙalin na cewa ta koma inda ta tsaya. Ta ɗaga ido, ba ta san inda yake nufi ba, don ita ba ta tsaya ko'ina ba. Ta koma farkon ayar da take ciki. Ya ce ba nan ba, ta tsallake. Ya ja mata baki daga baya, ta ɗauka ba gardama.

Ba a jima ba sunka sake daskarewa. Kamilu ya fita da gudu ya hau rufi, ina jin takunsa bisa kwano. Sunka dawo, ƙararrawa. A karo na uku da sunka dawo, na gefen dama ne ya yi magana, kuma wannan karon muryar ta fito tar. Ya ce sun ga ta yi shiru mai tsawo har sau uku, kuma duk sanda ta ci gaba sai ta ci gaba daga wani wuri. Sakina ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ban yi shiru ba, ina jin layi ne." Ya ce hotonta bai ɗauke ba, suna kallonta zaune, kuma mahaifinta da kansa ya shaida musu ƙarfin layin. Ya ce Allah shi ƙara basira. Allon ya koma shuɗi.

Kamilu ya sauko. Na rufe ƙofar shagon, na riƙi wuyan rigarsa. Ban taɓa riƙe suruki haka ba.

"Ina tamanin da takwas ɗin?"

Sai a lokacin ya yi magana kamar mutum. Ya nuna min wata shuɗiyar waya da ta haɗa kwamfutocin nan biyu ta bayan tebur, ba ta fi kamu shida ba. Ya ce lambar da Malam ya gani saurin cikin wagga waya ce, daga nan zuwa nan, cikin ɗaki ɗaya. Abin da zai fita zuwa wurin alƙalai ba ta nan yake bi ba, ta ƙarfen sabis yake bi, shi da wayar kowane mai albasa da ke kasuwa. Ya ce ranar da ba kowa yakan samu uku ko huɗu. Yau ko ɗaya bai cika ba.

"Wato gudun motata anka auna cikin tasha, anka ce haka za ta yi a hanyar Maradun da damina."

"Haka ne, Baffa."

"Kuma ka sani tun ranar."

"Na sani."

"Mi ya riƙe maka baki?"

"Baffa, gaban Liman? Ya gama sa min albarka, in ce masa bai gane ba? Da wane bakin?"

Ya ce ya gaya ma Nazifa a daren. Ita kuwa ɗiyar fari ce, uwarta ko sunanta ba ta faɗi, ita da Malam gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ta ce ba ta iyawa. Shi ne ya tafi Bakura ya gaya ma uwarsa ƙarara cewa layin shagonsa ba zai ɗauka ba, a kai Sakina Sakkwato. Daga baya na bincika na ji yadda saƙon ya isa. Inna Baturiya ta ga ba za ta shiga gidan surukai ta ce kayan ɗanta ba su da kyau ba. Abin da ta ce shi ne, Kamilu ya ce na'ura sai Allah, a taya shi da addu'a. Ni na ɗauko saƙon nan da motata, na kuma mayar da mai shi har gida.

Na saki rigarsa na nufi ƙofa. Na ce yanzu zan tsallaka in gaya ma Malam komi, gaban Liman ɗin.

"Baffa."

Sakina ce. Tana nan inda take zaune, ba ta yi kuka ba.

"In kun faɗa, za su sake kirana?"

Na dubi Kamilu. Ya girgiza kai. Ya ce dokarsu ce, wanda ya zaɓi yi daga gida, layinsa wuyansa.

"To kun gani," in ji ta. "Abin ya riga ya wuce. In Baba ya ji, ba zai sake taka shagon nan ba, kuma Yaya Nazifa ce za ta sha. Liman kuwa kun san bakinsa. Kafin Juma'a duk Maradun an ji Malam ya yi lissafi ya kayar da ɗiyarsa. Wa zai sake kiransa rabo bai sa wani ya duba bayansa ba?"

"Lissafinsa daidai ne. Shi wanga ne bai buɗe baki ba."

"Ba haka za a faɗa ba, Baffa, kun fi ni sanin mutane. Ni ɗaya na faɗi. Kuna so mu zama uku?"

"Ke kuma a ce mi?"

"A ce na sarƙe. Kowa na sarƙewa."

Na ce ban yarda ba. Na ce ƙarya ce, ni kuma ba na ɗaukar ƙarya ko a bayan mota. Ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, shiru kawai take roƙo, ta haɗa ni da Allah da darajar kakarta da ta haife mu. Ina tsaye ina huci anka ƙwanƙwasa ƙofa.

Malam ya shigo da fara'arsa, Liman na bayansa. Ya dubi fuskokinmu, fara'ar ta tafi.

"Yaya anka yi?"

Kamilu ya riga ya zube ƙasa. Na buɗe baki, Sakina ta riga ni.

"Na sarƙe, Baba. Sau uku."

"Ke?"

"Ni."

Ya juyo wurina. "Jatau, kana nan?"

"Ina bakin ƙofa," na ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Malam ya dafa kan Kamilu ya ce ya tashi, shi ya yi iyakar nasa, Allah shi saka masa. Kamilu bai iya tashi ba sai da Liman ya kama shi. Bisa hanyar Maradun, cikin mota, Liman ya ce daman hadda amana ce, in an sake ta kaɗan sai ta gudu.

Malam bai yi mata faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi laifinsa ne da ya ɗora ta bisa kujerar koyarwa tun ƙashinta bai yi ƙwari ba, yabo ya shige mata kai. Ya karɓe ajin matan aure ya ba wata ɗalibarta. Ya sa anka wanke mata allo, ya ce ta koma daga farko, ta riƙa kawo masa hadda kowace safiya tare da ƙananan yara, har sai ya gamsu.

Kamilu na nan da shagonsa, ya ma ƙara kwamfutoci. Duk sanda anka zo rabon gado anka kai kan tumuni, Malam kan ba da labarin ma'aunin bature, mutane su yi mamaki. Na rubuta wannan da boko ne don na san ba zai karanta ba.

Shekarun Sakina sun wuce na musabaƙar. In na fito da mota da safe ina ganinta a zaure cikin yaran da ba su kai kafaɗarta ba, allo bisa cinya, tana biya abin da ta haddace tun kafin a haife su. Matan da ke ce mata Malama yanzu Sakina suke ce mata. A Maradun in ana son a kwatanta ta, sai a ce ɗiyar Malam, wadda ta manta.